Shin 'yan sama jannati suna ganin taurari da ƙwayar idonsu?

Duk wanda ya taɓa kallon hoton ɗan sama jannati tsaye a kan wata, ko yana reto a jikin tashar sararin samaniya cikin farar rigarsa, ya lura da abu guda a bayansa: sama baƙi ƙirin, ko ɗigon tauraro ɗaya babu. Wannan baƙin ne yake tayar da gardama a teburin mai shayi a Idi-Araba, da majalisar 'yan gwari a Mile 12 bayan an gama sauke kaya, da zaurukan WhatsApp. Wani ya ce ai wanda ya hau sama ya ƙara kusantar taurari, kamata ya yi su cika masa ido. Wani ya ce rashinsu a hoton shaida ce cewa a cikin ɗaki aka ɗauke shi. Tambayar tana kan hanya, kuma mai yin ta ya cancanci a warware masa ita daki-daki.

Suna ganin taurari, da idonsu, ba tare da wata na'ura ba. Suna ganin su fiye da yadda mazaunin Legas zai taɓa ganin su daga Agege ko Obalende. Sai dai akwai sharaɗi: dole rana ta ɓuya musu, dole su kashe fitilun da ke kusa da su, kuma dole su yi haƙuri idon ya saba da duhu. In ɗaya daga cikin ukun nan ya warware, taurarin suna nan daram amma idon ba zai kama su ba. Lamarin duka yana rataye ne a kan ido da hasken da ke kewaye da shi.

A fara kawar da batun kusanci. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi a nisan kilomita 400 daga doron ƙasa, kusan rabin tazarar Legas zuwa Kano a miƙe. Wata yana nisan kilomita 384,000. Tauraron da ya fi kowanne kusa da mu, in aka cire rana, yana nisan kusan kilomita tiriliyan 40, haskensa yana yin shekara 4 da 'yan watanni a hanya kafin ya iso. Wanda ya hau kilomita 400 don ya kusanci wannan tauraro daidai yake da wanda ya taka kujera don ya kusanci wata. Taurari ba sa ƙara girma a idon ɗan sama jannati, ɗigo-ɗigo suke kamar yadda muke ganin su.

Ribar da ya samu ita ce ya fita daga cikin iska. Da dare, iska mai tsabta tana cinye kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na hasken tauraron da ke tsakiyar sama kafin ya iso ga wanda yake bakin teku. A Legas abin ya fi haka nesa ba kusa ba, saboda laima da hayaƙin motoci da janareto, ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Da rana kuwa aikin iska ya fi girma. Tana warwatsa hasken rana ta kowace fuska, musamman shuɗin launi, sai sama ta zama wani labule mai haske da ya rufe taurari. A sararin samaniya babu iskar da za ta saƙa wannan labulen, shi ya sa sama take baƙa ko da rana tana tsaka. Waɗanda suke wajen Gusau da Katsina ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da wata ya rufe rana ruf da hantsi, sun ga misalin haka: labulen ya yaye na 'yan mintoci, Zara ta fito fili da rana.

To in babu labule, me ya hana ɗan sama jannati ganin taurari da rana?

Yadda ido yake sauya aiki

Ido ba ya iya ɗaukar haske mai tsanani da haske mai rauni a lokaci guda. Yana daidaita kansa ne da abin da ya fi rinjaye a gabansa, duk abin da ya gaza wannan ma'auni sosai sai ya nutse cikin baƙi. Tazarar da ke tsakanin biyun kuwa ba ƙarama ba ce. Masana suna auna hasken da ya sauka a kan abu da ma'aunin luks. Rana tsaka a fili tana ba da kusan luks 100,000, a sararin samaniya ma ta ɗara haka tunda babu iskar da ta rage ta. Ofis mai fitilu yana tsakanin 300 zuwa 500. Cikakken wata na daren sha huɗu bai wuce rubu'in luks ɗaya ba. Daren da babu wata, taurari kaɗai, yana wajen kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na luks ɗaya. Tauraron Shi'ira, wanda ya fi duk taurarin dare haske, rana ta ninka shi haske a idonmu kusan sau biliyan 13.

Hanya biyu ido yake bi ya tsallake wannan tazara. Ta farko ita ce ƙofar ido, ɗan baƙin ɗigon nan na tsakiyar ƙwaya. A cikin rana tana tsukewa zuwa milimita 2, a duhu tana buɗewa zuwa 7 ko 8 ga matashi, ga dattijo kuma sau da yawa ba ta wuce 5 ba. Wannan yana faruwa cikin daƙiƙoƙi, amma ribarsa kaɗan ce, bai wuce ninki 16 ba.

Hanya ta biyu ita ce babba, kuma ita ce mai cin lokaci. A tantanin da ke bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Akwai masu siffar mazurari, kimanin miliyan 5 zuwa 6, su ne masu aikin rana, su ke bambance launi da karanta ƙananan rubutu. Akwai kuma masu siffar sanda, fiye da miliyan 90, su ne masu aikin dare. A cikin na daren akwai wani sinadari da ake kira rodofsin, wanda jiki yake haɗawa da taimakon bitamin A. Haske mai ƙarfi yana wargaza shi nan take, sai an shiga duhu jiki ya fara sake gina shi a hankali. Ƙwayoyin rana suna gama nasu sabon cikin minti 5 zuwa 10. Na dare suna buƙatar minti 20 zuwa 30, wani lokaci fiye, kafin su kai ƙarfinsu, kuma a lokacin idon ya ninka jin haskensa fiye da sau 10,000. Wanda jikinsa ya rasa bitamin A, wannan ginin ne yake gagararsa, shi ne dundumin da Bahaushe ya daɗe da sani, kuma ba banza ba ake cewa a ci hanta da manja da ganye.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne rashin daidaiton da ke cikin lamarin: ginin rabin sa'a ne, rushewar daƙiƙa kaɗan ce. Direban da yake kan gadar Third Mainland da dare, wani ya taho ya dalle shi da babbar fitila, ya san wannan a jikinsa, don bayan motar ta wuce sai ya ɗan jima titin yana masa dishi-dishi. Maigadin da ya san aikinsa ma ba ya zama a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Yana samun lungu mai duhu ya zauna, hasken yana can gabansa, don in ya zauna a cikin hasken, duk wanda ya tsaya a inuwa ya ɓace masa.

Akwai kuma wani cikas da ke cikin ƙwayar idon kanta. Haske mai ƙarfi da ya shigo ta gefe yana warwatsuwa a cikin ruwan ido da madubinsa, ya shimfiɗa wani farin hazo a kan duk abin da ake kallo. Ko da mutum ya juya ya fuskanci baƙin sama, in akwai farin abu mai sheƙi a gefen ganinsa, wannan hazon ya isa ya binne ƙananan taurari. Sai ya zama iskar duniya ba ta nan, amma idon ya saƙa nasa labulen.

A cikin tashar

Tashar tana gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a, tana zagaye duniya cikin minti 90 da ɗoriya. Mazaunanta suna ganin fitowar rana da faɗuwarta sau 16 a kwana guda. A kowane zagaye, daren da suke samu a inuwar duniya bai cika wuce minti 35 ba. A haɗa wannan da lissafin da ya gabata: ido yana son minti 20 zuwa 30, dare kuma minti 35 ne. Wanda ya jira sai rana ta faɗi sannan ya fara shiri, kafin idonsa ya gama buɗewa alfijir ya kusa ketowa. Wanda yake son ya more kallo dole ya riga dare shiri, ya kashe fitilu, ya kauce wa tagar da rana take shigowa tun kafin a shiga inuwa. Akwai ma wasu 'yan kwanaki a shekara, galibi wajen Yuni da Disamba, da hanyar tashar take karkata ta yadda ba ta shiga inuwar duniya sam, rana ba ta faɗuwa musu.

A ɓangaren rana kuwa, ƙasansu duniya ce ta cika rabin gani, tana mayar da kusan kashi 30 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, gajimare fari fat. Jikin tashar fari ne da ƙarfe mai sheƙi, ga manyan faifan sola. Ido ba shi da mafaka.

Sai taga. Wurin kallo mafi shahara a tashar shi ne wani ɗan ɗaki mai siffar ƙubba da aka ƙera a Italiya, aka maƙala shi a Fabrairun 2010. Tagoginsa 7 ne, ta tsakiyar mai faɗin santimita 80. An yi shi ne yana fuskantar duniya, saboda haka mai neman taurari ta tagogin gefe yake leƙawa, wajen da gefen duniya ya haɗu da baƙin sama. Kowace taga gilashi ne hawa-hawa: na ciki mai tare ƙarzuwa, biyu masu kauri da suke riƙe iskar ɗaki, sai na waje mai tare tarkace. Kowane hawa yana mayar da ɗan haske baya. Duk wanda ya hau motar BRT da dare fitilun ciki a kunne ya san sakamakon: ka leƙa taga don ka ga waje, sai ka ga fuskarka da ta maƙwabcinka. Haka allon kwamfuta ɗaya ko ƙaramar fitilar na'ura take ɓata wa ɗan sama jannati kallo. Shi ya sa masu ɗaukar hoton dare a cikinsu suke kashe fitilu, su rufe bayansu da baƙin ƙyalle, su liƙa fuska ko kyamara a jikin gilashin.

Masu fita waje gyara su ne aka fi zaton za su sha kallo, amma su ma ba haka kawai abin yake zo musu ba. Fita ɗaya tana ɗaukar sa'a 6 zuwa 7, wato dare huɗu da rana huɗu ke nan. Da rana suna sauke gilashin kwalkwali mai shafen zinariya don kare ido, wanda yake rage hasken da ke shigowa ƙwarai, har da na taurari. Da dare suna ɗage shi, amma sai su kunna fitilun da ke gefen kwalkwalin, don aiki suka fito yi kuma kowane minti a lissafe yake. Fitila tana haska farin safar hannu da farin bango a tazarar kamu biyu daga fuska. Sai wanda ya samu sarari ya kashe fitilar, ya juya wa tashar baya, shi ne yake ganin abin da ke can.

Abin da mutanen Apollo suka faɗa

Masu musun zuwa wata sun fi kafa hujja da taron manema labarai da aka yi a Agustan 1969, bayan dawowar Apollo 11, kumbon Amurka da ya fara sauke mutane a kan wata. An tambayi Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka wata, batun taurari, ya amsa cewa ba su iya ganin su daga doron wata ko a ɓangaren rana da ido kawai ba, sai in sun leƙa ta na'urar gani. Ana yanko wannan a yaɗa, a bar sauran. Shi wannan Armstrong ɗin, kwana ɗaya kafin su sauka, lokacin da kumbonsu ya shiga inuwar wata, ya shaida wa masu kula da tafiyar a Houston cewa yanzu ne karon farko a tafiyar da suka sake ganin taurari har suna gane rukunansu, sama ta cika da su. Maganganun biyu ba su ci karo ba. Ɗaya a rana aka yi ta, ɗaya a inuwa.

A duba halin da suke ciki a kan wata. Saukar da aka yi sau 6 tsakanin 1969 da 1972, mutum 12 suka taka ƙasar, dukansu da safiyar wata aka sauke su, da gangan, don rana tana ƙasa-ƙasa, inuwar duwatsu da ramuka ta fito matuƙi ya ga inda zai dira, kuma zafi bai yi tsanani ba. Yinin wata yana kai mako biyu na duniya, saboda haka babu ɗayansu da ya ga dare a can. Ƙasar wata ba fara ba ce, tana mayar da kusan kashi 12 cikin 100 na haske, kamar tsohuwar kwalta. Amma kwalta a rana tsaka ai tana kashe ido, balle wadda ta shimfiɗu ta kowace fuska babu bishiyar da za a fake a inuwarta, ga abokin tafiya cikin fararen kaya, ga gilashin zinariya a fuska.

Na'urar ganin da Armstrong ya ambata ita ce ta fi komai fayyace lamarin. A rufin ƙaramin kumbon da ya sauka akwai wani bututun leƙe da suke duba taurari da shi don daidaita na'urar da ke nuna musu alƙiblar tafiya. Wannan bututun ba ya ƙara girman komai, yadda ido yake gani haka yake nunawa. Aikinsa shi ne ya tsare ido daga hasken gefe ya fuskantar da shi sama. Da wannan kaɗai taurari suka bayyana, rana tana sama, suna zaune a kan wata.

Taurari kuwa ba abin sha'awa ba ne kawai a wannan tafiya, da su ake gane hanya, kamar yadda madugai suke yi a Sahara. An ɗora wa kwamfutar kumbon jerin taurari 37, an kuma horar da matuƙan su gane su. A babban kumbon, wanda ba ya sauka a kan wata, akwai na'urar auna kusurwa mai ƙara girma sau 28, wadda Jim Lovell ya yi ta aiki da ita a Apollo 8 cikin Disambar 1968. Matsalolin da suka ci karo da su ma suna koyar da abu. A wannan tafiyar tagogi 3 cikin 5 sun yi hazo saboda tururin da ya fito daga abin da aka liƙe gilashin da shi. Ruwa da fitsarin da ake zubarwa waje suna daskarewa su zama ƙananan ƙanƙara, su bi kumbon suna ƙyalli a rana kamar taurari, har a rasa na gaske. Irin wannan ƙanƙarar ce John Glenn, Ba'amurken farko da ya zagaye duniya a kumbo, ya gani tana kewaye shi a 1962 ya kwatanta ta da ƙwarin nan masu walƙiya da dare. A Apollo 13, cikin Afrilun 1970, bayan tankin iskar shaƙa ya fashe, tarkacen da ya kewaye su ya yi yawan da ba su iya tantance tauraro ko ɗaya ba, dole suka auna da rana.

Waɗanda suka fi kowa ganin taurari su ne matuƙan da aka bari su kaɗai a babban kumbon suna zagaye wata bayan abokan tafiyarsu sun sauka. In kumbo ya shiga wurin da wata ya tare rana kuma ya tare duniya, babu sauran wani haske. Al Worden na Apollo 15, a 1971, ya sha bayyana cewa a wurin nan taurari sun yi yawan da suka zama kamar shimfiɗar haske guda, har gane sanannun ya yi wuya.

Batun hoto kuwa lissafi ne

Kyamara ta fi ido ƙunci. Mai ɗaukar hoto yana da abu uku a hannunsa: tsawon lokacin da ƙofar kyamara za ta zauna a buɗe, faɗin ƙofar, da ƙarfin jin hasken fim ko na'ura, wanda ake rubutawa ISO. Hotunan kan wata da kyamarorin Hasselblad aka ɗauke su, galibi a kashi 1 cikin 250 na daƙiƙa, ƙofa a tsuke, don abin da ake ɗauka farin mutum ne a rana. Hoton taurari yana son kamar daƙiƙa 15, ƙofa a wangale, ISO a sama. Daga kashi 1 cikin 250 zuwa daƙiƙa 15 ninki 3,750 ne. Buɗe ƙofa daga lamba 8 zuwa 2.8 (lamba tana raguwa, ƙofa tana ƙara faɗi) ninki 8 ne. Ɗaga ISO daga 100 zuwa 1600 ninki 16 ne. In aka haɗa, ana maganar ninki 480,000. Hoto ɗaya ba zai ɗauki biyun ba: in taurari suka fito, mutumin da ƙasar wata sun ƙone sun zama farin dunƙule. Da a ce hotunan Apollo sun nuna ɗan sama jannati tas a rana ga kuma taurari birjik a bayansa, wannan ne zai sa masanin hoto ya yi zargi. Haka hoton wasan dare a filin Teslim Balogun da ke Surulere yake fitowa, 'yan wasa tas, samansu baƙi.

Kuma an ɗauki taurari daga kan wata. A Apollo 16, cikin Afrilun 1972, John Young da Charles Duke sun kafa wata kyamara ta musamman da George Carruthers, wani masanin kimiyya baƙar fata ɗan Amurka, ya ƙera. A inuwar kumbo aka girke ta, tana ɗaukar wani nau'in haske da ido ba ya gani, tana daɗewa a buɗe, ta kuwa dawo da hotunan taurari da na iskar da ke kewaye da duniya. A tashar sararin samaniya ma akwai dubban hotunan dare cike da taurari. Wahalarsu ita ce tashar tana juyawa digiri 4 a minti, ninki 16 na yadda sama take juya mana a ƙasa, saboda haka in ƙofar kyamara ta daɗe a buɗe taurari sai su zama zare-zare. Wani ɗan sama jannati mai suna Don Pettit ya haɗa wata 'yar na'ura da hannunsa a tashar wadda take juya kyamara ta bi taurarin, daga baya kuma ya mayar da zaren kansa abin ado, yana ɗaukar hotunan daƙiƙa 30 yana jera su a kan juna.

In sharuɗɗan sun cika, abin da suke gani ya bambanta da namu ta 'yan fuskoki. Taurarin ba sa ƙyaftawa, tsaye suke cak, domin ƙyaftawar aikin iska ce mai motsi da take karkatar da hasken. Farin kogin taurarin nan da ya ratsa sama kamar hayaƙi yana fitowa sarai. A gefen duniya akwai wani siririn zobe kore-kore a nisan kilomita 90 zuwa 100, iska ce take fitar da hasken da ta tara da rana, ana ganin taurari suna nutsewa ta cikinsa. Abin da muke cewa tauraro ya faɗo, su a ƙarƙashinsu suke ganinsa, tunda tsakuwar tana ƙonewa ne a cikin iska can ƙasa da su. Wani abin kuma ba tauraro ba ne sam: tun Apollo 11 Buzz Aldrin, abokin tafiyar Armstrong, ya ba da labarin walƙiya da yake gani ko idonsa a rufe, aka gano ƙananan ƙwayoyi ne masu tsananin gudu daga sararin samaniya suke ratsa ƙwayar ido. Yawan taurarin kuwa bai yi wa na ƙauye mai duhu nisa can ba. Duk taurarin da lafiyayyen ido zai iya kamawa a sama baki ɗaya kusan 9,000 ne, rabinsu kuma kullum suna ƙarƙashin ƙasa. Makiyayin da ya kwana a daji a daren da babu wata ya ga mafi yawan abin da ɗan sama jannati yake gani.

Gani ya kori ji, kuma ana iya gwada duk wannan a Legas. A zaɓi daren da babu wata, an fi so bayan ruwan sama ya wanke iska gajimare ya yaye, don daren hazo ba ya ba da komai. Wanda zai iya fita wajen Epe ko Badagry ya fi samun duhu, wanda ba zai iya ba ya hau bene a daren da aka ɗauke wuta a unguwa. Da fitowa daga ɗaki mai haske a ɗaga kai a ƙirga abin da ake gani, ba zai wuce 'yan ƙalilan ba. Sai a zauna inda bango ya tare duk wata fitila, a sa waya a aljihu, a ƙara ƙirgawa bayan minti 10, a sake bayan minti 25. A Disamba da Janairu Kaza da 'Ya'yanta tana sama sosai bayan isha'i, ita ce ma'auni mai kyau: ido mai sabo yana raba taurari 6 ko 7 a cikinta. In tana wuyar kamawa, a kalli ɗan gefenta kaɗan, sai ta ƙara fitowa, saboda tsakiyar tantanin ido babu ƙwayoyin dare, a gefe suke. Inda gwajin ya fi lalacewa shi ne waya: leƙa saƙo ɗaya ya mayar da mutum baya. In dole sai an haska wani abu, a rufe tocila da jan leda, jan haske bai cika taɓa ƙwayoyin dare ba. Bayan an gama ƙirga, a dalla farar fitila a kan farar takarda na daƙiƙa 10, a sake ɗaga kai. Abin da ya faru da idon nan shi ne abin da yake faruwa da mai tsaye a kan wata.

Wayar da take bari a saita kyamara da hannu za ta nuna ɓangaren hoton. A sa ISO 100 da kashi 1 cikin 250 na daƙiƙa, a ɗauki sama: baƙi ƙirin. A jingine wayar a kan katanga kada ta motsa, a sa ISO 1600 da daƙiƙa 10 zuwa 15, a sake ɗaukar wuri ɗaya: ga taurari.

Ita kanta tashar tana ratsa saman Legas, kuma manhajar Spot the Station ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tana ba da rana da lokaci da kusurwar da za ta ɓullo. Ana ganinta ne cikin sa'a ɗaya ko biyu bayan magariba, ko kafin asuba, lokacin da mu muke cikin duhu ita kuma rana tana dukanta. Ɗigo ne mai haske sosai, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, yana tafiya a natse, ya ƙetare sama cikin minti 6 ko ƙasa da haka. Sau da yawa a fitowar yamma ba ta kaiwa ƙarshen sama, sai a ga ta yi ja-ja, ta dusashe, ta ɓace a tsakiyar hanya. A daidai wannan daƙiƙar ta shiga inuwar duniya, rana ta faɗi ga mutanen da ke ciki, kuma wanda ya riga ya kashe fitilarsa a cikinsu yana da kusan rabin sa'a a gaban taga.